Landan ko Oxford, ina ya fi?

Jama'a tunda na dawo Aboabo a Kumasi ake tambayata wanne ya fi, to ga nawa ra'ayin. Landan kam kasuwar Kejetia ce ranar jajibirin sallah amma ba mai gaida kowa, kowa gudu yake cikin jirgin karkashin kasa kamar an biyo shi, ga kudin daki sai ka ce gida zaka saya. Gidan tarihi na British Museum shiga kyauta ne, sai dai layi, kuma wallahi da na tsaya gaban kayan zinaren Asante raina ya dan baci, da yawansu tun yakin 1874 Turawan Ingila suka kwashe, sai 2024 suka kawo guda 32 Manhyia, fadar sarkin Asante, su da gidan tarihi na V&A, wai aro fa, aron kayanmu!

Oxford kuwa awa daya ne a jirgin kasa daga Paddington. Gari shiru, keke ko'ina, da kafa na zaga. Gidan tarihi na Ashmolean tun 1683 yake, shi ma kyauta, na zauna na duba komai ba mai turo ni. Matsalarta da yamma shaguna su rufe, kuma waakye sai ka koma Landan, can Peckham. Ni dai in da hali Oxford zan kwana.