Taswirar bango ko ta ƙwallo: wacce za ta kai yarinya Madagaska?

Hajiya, jiya kin ce an ba 'yarki ta aji uku aikin gida ta nuna Madagaska a taswirar duniya, amma ta kasa, kina tambayar wacce za ki saya mata: ta takarda da ake liƙawa a bango, ko dunƙulalliyar nan mai kama da ƙwallo da ake juyawa. Na yi shekaru ina koyarwa da duka biyun a firamare nan Jos, ga abin da na gani.

Tukuna dai, Madagaska tsibiri ce, kuma yawancin yaranmu ba su taɓa ganin teku ba, kalmar tsibiri ba ta kawo musu hoton komai. Ki zuba ruwa a faranti, ki ajiye dutse a tsakiya, ki ce ta kai yatsanta kan dutsen ba tare da ta tsallaka ruwa ba. Da ta kasa, ta gane tsibiri.

Ta bango ta fi araha, rubutunta manya, kuma kina iya shimfiɗa ta a tabarma yara biyar su kewaye ta. Amfaninta babba shi ne tafiya da yatsa. Kada ki bar yarinyar ta yi ta lalube. Ta fara daga Najeriya, ta shiga Kamaru, ta ratsa Kongo biyun, ta gangara Zambiya, ta faɗa Mozambik. Nan ƙasa ta ƙare. Sai ta tsallaka mashigin ruwan da faɗinsa ya kai kilomita 400 da 'yan kai a inda ya fi tsukewa, ta sauka Madagaska cikin Tekun Indiya, ta nemo Antananarivo, babban birninta. In ta bi hanyar nan sau uku, ko cikin barci aka tashe ta za ta kai.

Sai dai ta bango tana da aibin da ke damuna ƙwarai. Da yawa cikin waɗanda ake sayarwa suna bin tsarin Makato ne na 1569, wanda aka zana don matuƙan jiragen ruwa. Tsarin yana kumbura ƙasashen da ke can ƙuryar arewa da kudu. Shi ya sa Girinlan, babban tsibirin da ke can ƙuryar arewa, ke fitowa kamar ta kai Afirka, alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14. Ita Madagaska, tsibiri na huɗu mafi girma a duniya, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 587,000, ta fi Birtaniya ninki biyu, amma a takardar sai su zo kamar kai ɗaya. Yaro kuwa abin da idonsa ya gani shi yake riƙewa.

Ta ƙwallo ba ta wannan ƙaryar, kowace ƙasa da girmanta na gaskiya. Kuma ita kaɗai ke nuna wa yaro cewa Tekun Fasifik ɗaya ne, ba biyu ba kamar yadda takarda ke raba shi hagu da dama. Ga mai neman Niyu Zilan ko Fiji, babu kamarta. Amma da tsada, rubutunta ƙanana, in ta faɗi ta tsage, kuma ƙaramar ƙasa irin Sawo Tome da Firinsipe, maƙwabciyarmu ta cikin teku a mashigin Gini, ɗigo ce kawai a jikinta.

In kuɗin ɗaya ne a hannu, ni ta bango zan ce ki saya. Kafin ki biya, ki warware ta a shagon, ki duba kusurwar ƙasa ta dama ko Niyu Zilan na nan, don wasu masu bugawa kan yanke ta. Batun girma kuma lemu ya ishe ki: ki zana Afirka a jikinsa da biro, ki ɓare, ki ce ta shimfiɗa ɓawon ba tare da ya yage ba; in ta kasa, za ta gane dalilin da ya sa takarda ba ta iya nuna girman ƙasashe daidai.

In yayyenta maza na kusa, ki tuna musu Madagaska ce ta ci Super Eagles 2 da 0 a gasar cin kofin Afirka ta 2019 a Masar. A ajina, da na faɗi haka, kowa sai ya taso neman ta.