Kukis: Tsarin Turai da na Kalifoniya

Kukis ƙananan bayanai ne da shafin intanet ke ajiyewa a wayarka ko kwamfutarka. Wasu dole ne, kamar waɗanda ke riƙe kayan da ka zaɓa kafin ka biya kuɗi. Rigimar a kan na bin sawu take, waɗanda masu talla ke sanin inda ka leƙa da su.

A Tarayyar Turai, shafi ba zai dasa maka irin waɗannan ba sai ka yarda tukuna. Dokar kare bayanan mutane ta GDPR, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, ta ce shiru ba yarda ba ne, haka ma akwatin da aka riga aka yi wa alama. Kamfanoni kuwa suka shiga dabara: maɓallin amincewa ƙato a fili, na ƙi kuma sai ka tona. Kan haka ne hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta sanar a Janairun 2022 cewa ta ci Google tarar Yuro miliyan 150, Facebook miliyan 60.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, dokar kare bayanan mutane ta CCPA, wadda ta fara aiki a 2020, ta ɗora nauyin a kanka. Ana tattara bayanai tun shigarka, ana kuma iya sayar da su, sai in ka nemi a daina ta hanyar danna wani wuri a shafin. Mutum nawa ne ke gangarawa ƙasan shafi neman wannan wurin?

Ni dai na fi son na Turai, duk da tambayar da ke tare mutum a kowane shafi tana gundura, har wasu su danna "na yarda" ba su karanta ba.