Shekara guda da kwamfutar da na haɗa don buɗe asusu shida na EVE Online a lokaci ɗaya

Da wata tsohuwar laftof na fara buga EVE Online, kuma asusu ɗaya take iya ɗauka, shi ma sai fankarta ta riƙa kuka kamar injin markaɗe. Ranar da na gwada buɗe na biyu, ta daskare har sai da na danne maɓallin kashewa. Daga nan ne na fara tara kuɗin haɗa ta tebur. Yanzu ta shekara a ɗakina a Kano, ta ga zafin Afrilu, ta sha ƙurar hunturu, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Ga wanda bai san wasan ba: wani kamfani ne na ƙasar Iceland mai suna CCP Games ya fitar da shi a 2003. Jiragen sararin samaniya ake tuƙawa, a haƙo ma'adinai, a yi fatauci, a yi yaƙi, kuma kowa da kowa a duniya ɗaya yake. Ni mahaƙi ne. Jirgi ɗaya na haƙa ba ya kawo abin kirki, shi ya sa masu wannan sana'a ke buɗe asusu da yawa. Tsarina shi ne babban jirgi Orca guda ɗaya a tsakiya tana ƙara wa sauran ƙarfi tana kuma karɓar kaya, jiragen Hulk huɗu suna haƙa, sai na shida yana jigila zuwa Jita, babbar kasuwar wasan. Kamfanin ya yarda da hakan bisa sharaɗi biyu. Na farko, kowane asusu sai ya zama na biya, wanda suke kira Omega, domin na kyauta ba a buɗe shi tare da wani. Na biyu, tun farkon 2015 an haramta manhajar da za ka danna maɓalli ɗaya ya yi aiki a dukkan asusun. Kowane jirgi da hannunka za ka tuƙa shi. Masu World of Warcraft ma sun sa irin wannan doka a 2020. Wanda yake tunanin kwamfuta za ta yi masa noma yana barci, ya fara sanin wannan kafin ya kashe ko sisi.

Furosesar da na saya ita ce Ryzen 9 5900X, wadda ta fito a ƙarshen 2020, mai ƙwaya 12 da zare 24. Ba sabuwar yayi ba ce, kuma da gangan na zaɓe ta: tana zama a kan madabod B550, tana amfani da ram na DDR4, duka biyun sun fi sababbin sauƙin kuɗi, ga su kuma ana samun na hannu. Tun da Naira ta faɗi a 2023 kowa ya san yadda kayan waje suka koma. A wannan ɓangare ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Asusu shida a buɗe, ga burauza, ga Discord ina magana da abokan ƙungiya, ban taɓa ganin ta kusa cika ba. Gaskiya ma mai ƙwaya takwas da ta ishe ni. Abu biyu dai mai saye ya sani: ba ta zuwa da fanka a kwalinta, kuma ba ta fitar da hoto da kanta, dole sai da katin hoto.

A kan katin hoton ne muka ja da mai shagon. Shi ya dage in ɗauki RTX 3060 Ti. “Yallaɓai, wannan ya fi gudu, duk yaran da ke gem shi suke nema,” in ji shi. Bai yi ƙarya ba, ya fi gudu. Amma ma'ajiyarsa giga 8 ce, alhali RTX 3060 ɗin da ba Ti ba akwai mai giga 12. Mai wasa ɗaya gudu yake nema. Mai buɗe taga shida kuwa wuri yake nema, domin kowace taga sai ta ajiye nata hotunan a cikin katin, ko kana kallonta ko ba ka kallo. Na ɗauki mai giga 12, kuma a duk kayan da na saya babu shawarar da na fi jin daɗinta kamar wannan. Tagar da nake kallo ina barinta da kyan hoto, sauran biyar na rage musu komai zuwa ƙasa, irin abin da ’yan wasan ke yi wa laƙabi da yanayin dankali. Duwatsu ne dai ake fasawa, ba sai sun yi sheƙi ba.

Inda na yi wauta shi ne ram. Kuɗi sun fara ƙarewa, ga shi na riga na sayi akwati mai gilashi da fitilu masu canza launi, sai na ce giga 16 za ta yi kafin wani lokaci. Asusu uku lafiya lau. Na huɗu sai sauya taga ya fara ɗaukar daƙiƙa biyu zuwa uku. Na biyar kuwa sai Windows ya koma zuba kaya a kan faifai, komai ya yi nauyi. A wurina kowace taga tana cin wajen giga biyu zuwa uku, tana kuma ƙaruwa idan an daɗe ana wasa. Na sayar da ram ɗin da asara na sayo sanda biyu masu giga 32 kowace. Giga 64 ta yi mini yawa, 32 ma da ta wadatar, amma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wani abin kunya kuma: na yi kusan wata biyu ram ɗin yana gudu ƙasa da 3200 da aka rubuta a jikinsa, saboda ban shiga saitin madabod, wato BIOS, na kunna XMP, abin da ke sakar masa cikakken gudunsa, ba. Ƙanina ne, wanda ko kwamfutar kansa ba shi da ita, ya leƙo ya ce, “Yaya, ka sayi doki ka ɗaure masa ƙafa.”

Faifan NVMe mai tera ɗaya ya isa, domin sau ɗaya ake sauke wasan, duk asusun su yi tarayya a kai.

Abin da bidiyoyin Turawa ba sa magana a kai shi ne wuta. Su a wurinsu soket soket ne. Ni kuwa na fara da wani akwatin raba wuta na cikin kwamfuta (PSU) mai araha, marar suna, wanda aka rubuta wat 700 a jikinsa amma in ka ɗaga shi ba shi da nauyin kirki. Wata rana aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, sai na ji ƙara da ƙauri. Allah Ya taimake ni shi kaɗai ya ƙone. Yanzu ina amfani da mai wat 650 mai shaidar 80 Plus Gold, kuma ya wadatar, tunda katin hoton wat 170 yake ja, furosesar kuma an ƙiyasta ta a 105. Na haɗa kwamfutar da rauta da allo biyu a kan inbata da batir. Kuɗin wannan ɓangare ya kusa kamo na katin hoton, amma ba ni da zaɓi. A EVE in aka fasa jirginka ya tafi ke nan, sai ka sayi wani. Yankewar wuta ta minti ɗaya jirage shida take barin a daji ba makiyayi.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da gari ke haura digiri 40, furosesar takan kai tamanin da ɗoriya da rana, iyakarta kuwa 90 ce. Na sa mata babbar fanka mai hasumiya biyu, ban yarda da mai ruwa ba don ba na son abin da zai iya yoyo. Da hunturu kuma ƙura ce. Duk mako biyu sai na zare ragar gaba na karkaɗe, kuma na ɗaga akwatin daga ƙasa na ɗora a kan tebur. Shi kansa ɗakin yakan ɗau ɗumi sosai. Hajiyarmu ta taɓa leƙowa ta tsaya bakin ƙofa ta ce, “Kai, wannan ɗaki ne ko gidan burodi?”

Intanet bai ba ni wahalar da na zata ba. Wasan ba ya shan data da yawa in ban da ranar sabuntawa, abin da yake so shi ne layi ya tsaya daram. Na ja waya daga rauta maimakon Wi-Fi, na kuma ajiye layi na biyu a wayata. Wani abin da ya yi mana daidai shi ne rufewar sabar ta kullum tana faɗowa ne da ƙarfe 12 na rana agogon Najeriya, kuma ’yan mintuna ce kawai.

To, ta biya kuɗinta? A matsayin na'ura, ta yi duk abin da na saye ta dominsa, har da ƙari. Ina ganin za ta ɗauki asusu goma ba ta yi gumi ba. Ni ne ba zan iya ba. Ina amfani da wata ƙaramar manhaja, EVE-O Preview, da ke jera mini tagogin ƙanana a gefen allo in riƙa tsallakawa daga wannan zuwa waccan, amma ido biyu ne da ni da hannu biyu. Wani dare ina can ina gyara farashi a Jita, wasu ’yan fashi suka zo da jiragen Catalyst suka fasa mini Hulk guda. ’Yan sandan wasan, CONCORD, sun zo sun hallaka su kamar yadda suka saba, sai dai hakan ba ya dawo da jirgi. Kwamfutar ta nuna mini shigowarsu sarai a ƙaramar taga, ni ne ban duba ba.

Ga kuma kuɗin Omega sau shida duk wata. Akwai watan da kuɗin cikin wasa, wato ISK, ke isa in sayi PLEX, wani kayan cikin wasa da ake biyan Omega da shi, in biya wasu asusun, akwai watan da sai na sa hannu a aljihu, da dala kuma. Na tarar ina haƙa ne don in biya kuɗin ci gaba da haƙa, kamar mai adaidaita sahu da ke neman balas. Watan jiya na dakatar da biyu, na koma huɗu. Fitilun akwatin kuwa tun makon farko na kashe su, don suna hana ni barci.