Wata takwas ina shan amlodipine bayan na bar atenolol

Shekara shida na yi ina shan maganin hawan jini atenolol 50mg. Awon hawan jinina bai taɓa ba ni tsoro ba, 135/85 ko kusa da haka. Sai dai bugun zuciyata ya sauka har 54 a minti ɗaya, yatsuna sanyi ƙalau ko da zafin Afrilu, kuma in na hau bene sai na tsaya na numfasa. Likitata ta riƙa rage min shi sannu a hankali, ta ja kunnena kada in kuskura in yanke shi rana guda, sannan ta ɗora ni kan amlodipine 5mg, ƙwaya ɗaya kowace safiya.

Na ce mata, tunda na'ura na nuna lamba mai kyau, canjin na mene ne? Ta ce, "Malam, na'urar damtse kawai take aunawa." Duk bugun zuciya yana tura igiyar matsi cikin jijiyoyi. In igiyar ta isa inda jijiyoyi suka rarrabu suka tsuke, wani ɓangarenta yakan dawo baya kamar amsa-kuwwa. Atenolol na rage saurin zuciya, sai igiyar ta dawo ta tarar zuciya ba ta gama tura jini ba, ta ƙara mata nauyi. Amlodipine kuwa sassauta ƙananan jijiyoyin yake yi, sai abin da ke dawowa ya yi rauni. Binciken CAFE da aka fitar a 2006, kan mutum sama da 2,000 a Birtaniya da Ireland, wasu kan amlodipine wasu kan atenolol, ya nuna haka: awon damtse kusan ɗaya, amma a babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, na ɓangaren amlodipine ya fi ƙasa da kusan 4 mmHg (ma'aunin hawan jini).

Wannan ba abin da zan gani a na'urata ta gida ba ne. Abin da na gani shi ne bugun ya koma 70 da ɗoriya, yatsun sun yi ɗumi, gajiyar ta ragu sosai.

Aibin amlodipine kumburin idon sawu. Da la'asar takalmi kan matse ni, musamman ranar da na wuni a zaune. Makon farko kuma na sha ciwon kai. Ba shi da tsada, kusan kowane kemis akwai, ni dai ba na karɓa sai na ga lambar NAFDAC a jikin kwalin. Zan ci gaba da shi, amma maganar kumburin zan sake kai mata a ganinmu na watan gobe.