Anar ko Afelan? Ni dai Anar zan ce ka saya

Assalamu alaikum 'yan gida. Ɗan'uwanmu da ya tambaya jiya ko Anar zai saya ko Afelan cikin kundayen waƙa na farko na Mdou Moctar, Ba'abzinen makaɗin jita ɗan Nijar, tun da kuɗin guda ɗaya ke hannunsa: ƙanena, sayi Anar. Duka biyun suna ɗakina yanzu haka, don haka ba labarin ji-ta-ji-ta zan ba ka ba.

Wajen 2010 ne, lokacin ina sayo albasa a ƙasar Nijar ina shigowa da ita ta Illela. Wata rana muna zaune a tashar Ƙonni muna jiran motar Tawa ta cika, rana ta take, kowa ya yi laushi. A gefena akwai wani saurayi Ba'abzine, ya naɗe kansa da rawani sai idanu kawai, yana fifita gawayi a ɗan murhunsa na shayi. Wayarsa 'yar Caina, irin mai ƙaton lasifika ɗin nan, tana ajiye a kan tabarma tana waƙa. Abin da ya fara jan kunnena shi ne kiɗan, don sak irin na waƙoƙinmu na nanaye ne, gangar na'ura tana tafiya a hankali, muryar kuma tana rawa tana karyewa kamar yadda ake yi wa mawaƙan finafinan Kano a sutudiyo. Amma harshen ba namu ba ne, kuma a ƙarƙashin muryar akwai wata jita da take zagayawa tana dawowa wuri guda kamar tafiyar raƙumi. Wallahi na ɗauka wani yaron Kano ne ya koyi Tamashek, harshen Abzinawa.

Na tambayi saurayin ko wane ne wannan, ya ce mini wani yaro ne na wajen Abalak. Ya miƙo mini kofin shayi na farko, mai ɗacin nan, ya ce in buɗe bulutut. Kafin mu kai kofi na uku waƙoƙi 4 sun shiga wayata. Babu hoto, babu sunan waƙa, abin da aka rubuta a jikin fayil ɗin kawai shi ne "Mdou". Daga Ƙonni zuwa Tawa ban kashe su ba, direba ma ya ce in ƙara murya. Da na koma gida, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, wadda ba ruwanta da kaɗe-kaɗen zamani, ta ji ɗaya daga ciki ina wanke babur a tsakar gida, ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce wannan yaron kewar gida ke damunsa. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshen. Sai bayan shekaru na san cewa su kansu Abzinawa "asuf" suke kiran wannan salon jita, ma'anarsa kuwa kewa da begen gida. Ita ta riga ni ganewa.

Waɗancan waƙoƙin su ne Anar. A Sakkwato aka ɗauke su a 2008, shi ya sa kunnen Bahaushe yake jin kamar ya san su tun da daɗewa. Mdou, wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ya tashi ne a yankin Azawak na jihar Tawa, tsakanin Cintabaraden da Abalak, a gidan da ba a son zancen kiɗa sam saboda addini. Da ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa, abin ya shiga ransa, sai ya sassaƙa jitarsa ta farko da katako, ya ɗaura mata wayoyin birkin keke a matsayin tsirkiya. Bahago ne kuma, da hannun hagu yake kaɗawa har yau. Ya je ci-rani Libiya kamar samarin yankin da yawa, ya dawo, ya ci gaba da wasa a gidajen biki. Da ya tashi shiga sutudiyo, ga Sakkwato nan kusa, daga Ƙonni kimanin kilomita 90 ne kawai. A wancan lokacin kuwa duk sutudiyon da ka shiga a Arewa, fiyano da gangar na'ura da Auto-Tune, wato manhajar da ke sa murya ta yi karkarwa, su ne kayan aiki, da su ake yi wa 'yan fim waƙa. Su aka ɗora wa jitar Ba'abzine, sai aka samu wani abu da ba a taɓa jin irinsa ba a kiɗan sahara.

Ka lura da wannan sosai, don zai yi maka amfani in mun zo kan masu sayarwa: a 2008 babu kamfanin da ya fitar da Anar. Ba a buga shi a faifai ba, ba a yi masa kwali ba. Daga waya zuwa waya ya bi, daga memori zuwa memori, a tasha da kasuwa da majalisar shayi, har ya tsallaka Mali. A can garin Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, ɗan birnin Portland, yana zaune yana kwafar waƙoƙi daga wayoyin matasa, sai ya ci karo da waƙar Tahoultine, ita ma da wannan ɗan guntun suna kawai a jikinta. Ya saka ta cikin tarin waƙoƙin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, wato waƙoƙin da aka tsinto a wayoyin mutanen sahara. Ya yi ta cigiya har ya samu lambar mai waƙar, daga baya ya zo Nijar da kansa, ya riƙo masa jitar lantarki ta bahagwai. Duk abin da ya biyo baya, da Turai da Amurka da manyan dandamali, daga wannan waƙar ta Sakkwato ya faro.

Wannan shi ne babban dalilina. Yaron nan ba Bature ne ya fara gano shi ba. Direbobi da masu shayi da 'yan ci-rani da mata a gidajen biki su suka ɗaga shi, tun babu wanda ya san fuskarsa. Bature ya tarar da suna ne ya riga ya yi tafiya. In ka saurari Anar, abin da waɗancan mutanen suka ji suka ce a tura musu shi za ka ji. A ganina wanda bai ji shi ba bai san daga inda Mdou da ƙungiyarsa suka taso ba, ko da ya haddace duk abin da suka yi daga baya.

Waccan wayar ta faɗa ruwa a wata damina, waƙoƙin suka tafi da ita, na yi shekaru ina jin amonsu a kaina ban san inda zan same su ba. Sahel Sounds sun fitar da Anar a faifan garmaho a 2014, amma ni labari bai iso ni ba sai daga baya. Wani abokina da ke karatu a Faransa shi ya riƙo mini guda da ya zo hutu. Akwai tsohon garmahon kawuna da na gyara. Ranar da na ɗora allura na ji muryar nan ta fito, sai na ga tashar Ƙonni a gabana, da hayaƙin gawayi, da mahaifiyata riƙe da tsintsiya. Na kira yarana na ce su zauna su ji abin da kakarsu ta yaba. Babban cikinsu yanzu shi ke ɗora faifan da kansa ranar Juma'a da yamma.

Gaskiya ɗaya zan gaya maka kada ka ce ban faɗa ba. In ta kundinsa Afrique Victime ka san Mdou, kana jiran jitar nan mai kururuwa da ganga mai gudu kamar doki ya ƙwace, babu su a Anar. Kundi ne mai sanyi, na dare, yawancinsa soyayya da bege. Akwai masu cewa Auto-Tune ya yi yawa a ciki. Mu da muka tashi da waƙoƙin fim wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu, ni a wajena ma shi ne gishirin abin.

Afelan kuwa, to, ba laifi. A Cintabaraden aka ɗauke shi kai-tsaye ba a sutudiyo ba, ya fito a 2013, wani sashe jitar katako, wani sashe jitar lantarki irin ta gidan biki, kuma shi ne kundinsa na kansa da ya fara fita kasuwar duniya. Yana da darajarsa ta tarihi, amma nawa ya fi shekara ban taɓa shi ba.

Dalili kuwa shi ne duk abin da Afelan ya fara, an zo an yi wanda ya fi shi. In wutar jitar lantarki kake nema, ka tara kuɗi ka nemi Ilana na 2019, wanda suka ɗauka a birnin Detroit na Amurka. A nan ne suka tsaya da ƙafafunsu a sutudiyo a matsayin cikakkiyar ƙungiyar rok: Mdou a gaba, Ahmoudou Madassane yana riƙe masa jita ta biyu, sai jitar bes a hannun Ba'amurke Mikey Coltun, ga ganga a baya. Bayan nan suka koma kamfanin Matador, Afrique Victime ya fito a 2021 da Souleymane Ibrahim a kan ganga, jaridun kiɗa na Amurka da Ingila suka sa shi cikin fitattun kundayen shekarar, sai Funeral for Justice a 2024. Tun kafin waɗannan har fim ya yi a Agadas da harshen Tamashek, wanda ya fito a 2015, shi ne jarumin, yana yawo a kan babur da jita a baya. Ka ga ke nan Afelan yana da ƙanne da suka fi shi ƙarfi. Anar kuwa ba shi da na biyu, don Mdou bai sake komawa ga wannan salon na Sakkwato ba.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, don ni an taɓa cuta ta. Afelan ɗina na farko a wata kasuwa na saye shi, faifan sidi ne a cikin leda, da hoton Mdou da aka yi wa fotokwafi. Mai shagon har da rantsuwa wai daga Yamai aka kawo masa. Na zo gida na saka, waƙoƙi 3 ne kawai nasa, sauran na wasu mawaƙan Abzinawa ne, Bombino da Tinariwen da wasu da ban ma san su ba, sautin kuma kamar daga cikin rijiya. Na koma, ya ce shi bai san ni ba. Kuɗin ba su da yawa, amma abin ya yi mini ciwo, don na riga na gaya wa abokai su zo su ji. Araha dai ba ta ado.

Saboda haka ka kiyayi mutum 3. Na farko, mai tura waƙa da zai cika maka memori da duk wata jitar Abzinawa ya rubuta "Mdou" a kai. Yawancinsu ba su ma bambance muryoyin, in dai rawani ne da jita shi ke nan. Ka sa ya kunna maka kowace waƙa a gabanka kafin ka biya. Muryar Anar ba ta ɓuya, in ba ka ji wannan karkarwar ta na'ura da ganga irin ta nanaye ba, ba shi ba ne. Na biyu, kuma shi ya fi haɗari, mai tallan intanet da zai nuna maka kaset ko sidi ya ce "asalin bugun Sakkwato na 2008" ne, ya tsuga masa kuɗi wai kayan tarihi. Ƙarya yake yi. Na gaya maka a baya, a shekarar nan babu wani bugu na kamfani, a waya abin ya yaɗu. Duk abin da ke hannunsa kwafi ne da wani ya zuba a kaset. Na uku, mai cewa ka fara tura kuɗi zai aiko maka faifan garmaho daga waje. Ka ce ya ɗauki bidiyon faifan a hannunsa, gaba da baya, ka ga sunan Sahel Sounds a jikin kwali da tsakiyar faifan, kuma kada ka biya sai ta hannun wanda ka sani. In ya fara kawo uzuri, ka rabu da shi.

Hanya mafi tsabta ita ce shafin Sahel Sounds da ke Bandcamp, dandalin sayar da waƙoƙi a intanet. A can za ka iya sauraron waƙoƙin tukuna, in sun kwanta maka ka biya ka sauke, sauti garau, ka kuma san kuɗinka ya bi ta hannun kamfanin da ya yi yarjejeniya da mai waƙar. In katinka ba ya biyan kuɗin waje, nemi wani cikin 'yan gidan nan da ke da irinsa ya saya maka ka ba shi naira ko sefa. Faifan garmaho yana da daɗi a riƙe, amma in ba ka da abin juya shi kada ka wahalar da kanka, kuɗin aikowa kaɗai zai iya fin kuɗin faifan.

In ka samu, kada ka fara jinsa a cikin hayaniyar rana ko a lasifikar waya. Bari sai bayan isha'i, gida ya yi tsit, ka ɗora shayi, ka sa abin kunne mai kyau, ka fara da Tahoultine sannan ka koma kan waƙar farko ka bi su a jere. In ka gama ka dawo nan ka gaya mana wace ce ta fi kama ka, ni ma in gaya maka wadda mahaifiyata ta tsaya ta saurara.