Wasa, atisaye ko taron bita: wanne za ki shiga a bikin kiɗan bazara?

'Yar'uwa, kin ce a watan Yuli za a yi bikin kiɗan ƙananan rukunoni kusa da garin da kike karatu a Turai, jadawalin kuma ya kasu uku: wasa a dandamali, atisayen da aka buɗe wa jama'a, da taron bita. Kina son sanin bambancinsu, da wanda ya fi dacewa da mutumin da bai saba da wannan kiɗa ba, aljihunsa kuma ba nauyi. Ni dai atisaye zan ce ki fara da shi. Ga dalilina.

Irin wannan kiɗa na mutum kaɗan ne, daga biyu zuwa takwas ko tara, kowa da nasa kason, kuma babu mai tsayawa a gaba da sanda yana ba su umarni. Rukunin da ya fi suna shi ne na mutum huɗu: masu bayolin biyu, mai biyola da mai celo. Duk dangin goge ne, sai dai kowanne tsirkiya huɗu gare shi. A kiɗanmu na gida mawaƙi ne gaba, 'yan amshi suna karɓa masa, kowa ya san matsayinsa. A nan ba wanda ke zama ɗan amshi daga farko har ƙarshe. Yanzu mai bayolin ke jan zaren, an jima ya sakar wa mai celo, shi ya koma raka shi. To tunda babu shugaba, dole su huɗun su daidaita a kan komai: saurin kiɗan, inda za a sassauta, wanda zai ja numfashi don sauran su shigo tare. Wannan daidaitawar ita ce gishirin abin. A wasa an riga an gama ta, a atisaye ana yin ta a idonki, a taron bita kuwa malami ne ke koyar da ita.

Wasa shi ne wanda ake sayar wa tikiti. Yakan kai sa'a biyu har da ɗan hutu a tsakiya, kowane kiɗa kuma yakan ɗauki wajen rabin sa'a, a kashi uku ko huɗu. Ba a yin tafi a tsakanin kashi da kashi, sai an kai ƙarshe, wanda ya makara kuma sai ya jira a ƙofa. Amfaninsa babba ne: nan kaɗai za ki ji kiɗan a dunƙule, ba yankewa, makaɗan kuma sun zuba duk ƙarfinsu domin sun san ba damar maimaitawa. Idan ana maganar yawan wasa, Kuhmo ce abin misali. Ƙaramin gari ne a gabashin Finland kusa da iyakar Rasha, inda mai celo Seppo Kimanen ya kafa biki a 1970. Mako biyu ake yi a watan Yuli, wasa bayan wasa tun hantsi har cikin dare, a coci da zauren garin, a lokacin da dare a can bai cika duhu ba. Matsalar baƙon kunne ita ce, a wasa ba mai tsayawa ya nuna miki abin da za ki saurara. Daɗin zai ratsa ki, amma da wuya ki gane me ya sa wannan wurin ya fi wancan.

Atisaye kuwa, kayan gida makaɗan ke sawa, kowa da fensir a kan takardarsa. Za su fara, ba a yi nisa ba wani ya ɗaga hannu a tsaya. Mai biyola ya ce ba ya jin kansa saboda mai bayolin ya danne shi. Mai celo ya ce an cika sauri. A gwada yadda wannan ke so, a gwada yadda wancan ke so, wani lokaci a ajiye duka biyun a samo na uku. Akwai sa'ar da za su tsaya a kan amo ɗaya tal, mai celo ya riƙe na ƙasa, sauran su riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya har sautin ya daina rawa ya zauna daram. Ko gogawar ma, a ja sandar sama ko ƙasa, abin muhawara ne, don yana canja nauyin sautin. Idan kin ji gaɓa guda an maimaita ta ta hanyoyi daban-daban, kunnenki zai fara rarrabewa da kansa, ba tare da kin iya karanta rubutun kiɗa ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ake gyara wa juna ba tare da cin fuska ba, kuma wanda aka gyara wa ya gwada da zuciya ɗaya kafin ya yi musu.

Akwai bikin da aka gina kacokan a kan wannan. Marlboro, a jihar Vermont ta Amurka, an kafa shi a 1951, cikin waɗanda suka kafa shi akwai mai fiyano Rudolf Serkin da surukinsa mai bayolin Adolf Busch. Makaɗa kan zauna wajen mako bakwai tare, makonni uku na farko atisaye kawai ake yi, sannan a fara wasa a ƙarshen kowane mako daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Mafi yawan kiɗe-kiɗen da aka yi wa atisaye ba sa ma kaiwa dandamali, shi ya sa ba a sanar da abin da za a kaɗa sai ana saura 'yan kwanaki. Dattawan makaɗa ba gefe suke zama suna gyara ba, cikin rukunin suke shiga su kaɗa da matasa. A can ne shahararren rukunin mutum huɗu mai suna Guarneri ya haɗu a 1964. A 2018 masu fiyano Mitsuko Uchida da Jonathan Biss suka fara jagorancin bikin tare, ana kuma barin jama'a su shiga wasu atisayen.

Sai dai ki lura da abu biyu. Wani atisayen na ƙarshe ne, wanda ake yi dab da wasa. A irinsa kaɗawa kawai suke yi daga farko zuwa ƙarshe, ba muhawara sosai. Ki tambayi masu bikin wane iri ne. Na biyu, da junansu suke magana ba da ku ba, murya ƙasa-ƙasa, don haka wanda ya zauna a baya ya yi asarar rabin abin.

Taron bita iri biyu ne, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Akwai wanda ɗalibi ko rukunin ɗalibai ke kaɗawa gaban gogaggen malami, yana tsayar da su yana gyarawa, jama'a na kallo. Bikin Verbier da aka fara a 1994 a tsaunukan Suwizalan ya yi suna da wannan, kuma ana barin kowa ya shiga ya saurara. Masu kaɗawar tun watanni kafin bikin ake tantance su. Ya fi atisaye sauƙin bi, domin malamin yana ɗaga murya yana bayani, amma magana daga sama take saukowa: shi ke faɗa, su ke bi. Rabin gyaran kuma na hannu ne, yadda za a riƙe sanda, inda za a ɗora yatsa, wanda mai kaɗawa ne zai fi cin moriyarsa. Ɗaya irin kuma na masu koyo ne da yara, inda ake so ki zo da abin kiɗanki. Idan ba kya kaɗa komai, ki karanta sanarwar da kyau kafin ki biya.

Ta fuskar kuɗi, wasa ya fi tsada, atisaye da bitar kallo sau da yawa kyauta ne ko kuɗi kaɗan, bukukuwa da dama kuma suna rage wa ɗalibai, don haka ki tafi da katinki na makaranta.

Abin da zan ba ki shawara a kai shi ne ki buɗe jadawalin ki nemo kiɗa guda da ya fito sau biyu, a atisaye da kuma a wasa. Ki je atisayen da wuri, ki samu kujera a layin gaba, wayarki a kashe, ba ɗaukar hoto. Ki riƙe wuraren da suka fi jayayya a kai. Sannan ki sayi tikiti ɗaya na wannan wasan, ki ji wace shawara suka yanke a kansu. Idan lokaci ya rage, sai ki leƙa bitar kallo, musamman wadda ake koyar da rukuni guda ba mutum ɗaya ba.