Dokar buɗe kwaɗo a Pathfinder 2e ta fi ta D&D amma sai an ɗan gyara

Duk mai jan wasa a D&D 5e (bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wasan labari da ake yi a tebur da dayis) ya san matsalar nan, littafin 'yan wasa na 2014 kwaɗo ɗaya tal ya kawo, kuɗinsa zinare 10, DC 15 (wato lambar da sai jifarka ta kai kafin ka yi nasara), shikenan. In ba ka zauna ka ƙirƙiro naka ba to ƙofar rumbun manomi da taskar sarki duk 15 ne, ga ɓarawon tawaga da Expertise ɗinsa (baiwar da ke ninka masa makin ƙwarewa), yana kai mataki na 11 kuma Reliable Talent ta shigo duk abin da ya jefa ƙasa da 10 a lissafa masa 10, kwaɗo ya zama ado kawai.

Shi ya sa gaskiya tsarin da kamfanin Paizo suka zo da shi a nasu wasan, Pathfinder 2e (bugu na biyu), a 2019 ya burge ni. Kwaɗi kala biyar ne kuma ba lamba kaɗai ke hawa ba har yawan nasarar da ake buƙata. Mafi araha DC 15 da nasara 2, sai 20 da nasara 3, 25 da 4, 30 da 5, babban kuma DC 40 nasara 6. Kowane gwaji yana cin motsi biyu cikin ukun da kake da su a zagaye, in ka faɗi da tazarar 10 ko fiye kayan aikinka sun karye. Ka dubi yadda yake a tsakiyar faɗa, masu gadi na saukowa daga bene, mayaƙi ya tare ƙofa jini na zuba, ɓarawo ya durƙusa yana da nasara 3 saura 1, kowa a teburin ya miƙe yana kallon dayis. Wallahi a nan dokar ba ta da tsara.

Inda take gajiyarwa shi ne in babu abin da ke kora. Lungu shiru, ba maƙiyi ba agogo, mutum ɗaya na ta jefa dayis sau shida bakwai sauran sun koma latsa waya, kuma kowa ya san ƙarshe buɗewa za ta yi.

To ni a teburina ga yadda nake yi. In ba hatsari jifa ɗaya ce, kuma ba wai za ta buɗe ko ba za ta buɗe ba ake tambaya, me zai ci. Ya faɗi? Ta buɗe amma minti goma sun tafi, ko ƙarfe ya yi ƙara an ji, ko ya bar ƙarzuwa mai gida zai gane an shiga. In ana gudun rai kuma sai in dawo da lissafin littafin yadda yake ban taɓa komai ba. Sannan ina faɗa musu DC tun kafin su jefa, ɓarawon da ya san aikinsa ai da ido zai gane kwaɗon da ya fi ƙarfinsa.

Masu D&D ma za su iya ɗauka, sai dai ku rage lambobin, 40 ba na wasanku ba ne tunda can 30 ne ake kira kusan ba zai yiwu ba.